GIDA A BAKIN TEKU: INA RUWAN TSAKAR GIDA ZAI NUFA?

Laccar da aka gabatar a zauren taron Ƙungiyar Ɗalibai



Da aka liƙa sanarwar wannan lacca, lalle akwai waɗanda suka tambayi kansu, me ya haɗa ɗan Kano ko ɗan Katsina da teku, balle har a tara mutane da yamma a yi musu bayanin magudanar gidajen da ke bakinta. Amsar tana cikin wannan zaure. Kafin shekara uku ta zagayo, wasu daga cikinku takardar bautar ƙasa za ta jefa su Ikko, wasu aikin Kwastan ko Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ko sojan ruwa, wasu banki, wasu kuwa matatar man Ɗangote da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki, waɗanda aka buɗe a 2023. Duk wanda ya je zai kama haya. Wanda Allah ya buɗa wa zai sayi fuloti. Kaɗan daga cikinku kuma, watau masu karatun injiniya da safiyo da tsarin birane, a kan teburinsu za a ajiye zanen gidajen mutane ana jiran sa hannu. Ko da yake hedkwatar ƙasa ta koma Abuja tun 1991, Ikko ba ta daina jan ƙafar 'yan Arewa ba.

Mu fara da ƙasar kanta, domin wanda bai san ƙasa ba ba shi da ta cewa a kan gini. Gaɓar teku tun daga Keta a ƙasar Gana, ta bi ta Lome da Kwatano, ta shigo Badagiri, ta wuce Ikko har gabas da Lekki, siffarta ɗaya ce. Teku ta tara rairayi ta yi wa kanta ganuwa doguwa siririya. A kudancin ganuwar teku ce, a arewacinta kuwa tafki ne mai ruwan zartsi, inda kogunan da suka gangaro daga tudu suke taruwa kafin su sami ƙofar fita. Wannan zirin rairayi a wani wuri faɗinsa kilomita da yawa ne, a wani wuri kuwa mutum na iya tsayawa a tsakiya ya hangi ruwa dama da hauni. Tsibirin Biktoriya da Lekki da Aja duk a kansa suke zaune, tudunsu kuwa bai taka kara ya karya ba, mita biyu ko uku ne bisa teku, wani wurin ma bai kai ba.

Zirin nan kuma ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. Igiyar ruwa na bugun gaɓar a karkace, tana kwasar rairayi daga yamma tana turawa gabas dare da rana. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka jibge duwatsu suka yi katanga a mashigar tashar Ikko don kada rairayi ya toshe wa jirage hanya. Jirage suka sami hanya, amma rairayin da ke zuwa daga yamma ya tsaya a bayan katangar, gaɓar Bar Beach da ke gabas ta rasa mai ciyar da ita, teku ta yi ta cinta shekara da shekaru har ta lashe fiye da kilomita guda, ta riƙa hawowa titin Ahmadu Bello. Sabon birnin Eko Atlantic da aka ƙaddamar a 2013, a kan gurbin abin da teku ta cinye ake cikonsa. Wannan labarin teku ne, mun kawo shi don ku san halin ƙasar. Batunmu na yau ƙarami ne a ido: ruwan saman da ke sauka a kan kwano da tsakar gida, a fuloti ɗan siriri, da yadda za a raba shi da harsashin gini.

Ku tuna gidajen da muka tashi a ciki. Ruwa ya sauka a kan soro, indararo ya watso shi nesa da bango, tsakar gida ta gangara da shi zuwa rariya, rariya ta miƙa wa lungu, lungu ya kai kududdufi, in kududdufi ya tumbatsa ruwan ya nufi rafi, kamar yadda Jakara ke kwashe ruwan birnin Kano. Duk hikimar nan a kan abu biyu ta dogara. Kullum akwai wurin da ya fi naka kwari, sa'an nan ƙasar busasshiya ce mai ƙishirwa, mai haƙar rijiya sai ya yi gaba da yawa kafin ya taɓa danshi. A kan zirin rairayi babu ko ɗaya daga cikin biyun. Unguwa a shimfiɗe take kamar faifai. Makwancin ruwa kuwa, watau zurfin da mai haƙa ke tarar da ruwa, a tsakiyar damina mita guda ne ko ƙasa da haka a wurare masu kwari; wani gidan ma rami mai tsawon hannu ya isa ka ga ruwa na tsattsafowa. Daɗin daɗawa, ruwan saman Kano a mafi yawan shekaru tsakanin milimita 700 ne da 1,000, na Ikko kuwa ya haura 1,500, kuma mafi nauyinsa a watan Yuni yake. Ranar 10 ga Yuli 2011 an yi wa birnin ruwan da ya haura milimita 200 a yini guda. A Yulin 2017 kuma ruwa ya shiga ɗakunan mutane a Lekki da Tsibirin Biktoriya, a gidajen da kuɗin hayarsu na shekara ya isa gina gida a garuruwanmu.

Akwai abu na uku wanda mu mutanen tudu ba mu saba da shi ba sam. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a kowane yini da dare, bambancin ya kai kusan mita guda a bakin Ikko, kuma cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da daren sha huɗu. Tafkin ma yana bin ta, ga kuma kogin Ogun na ƙara masa ruwa da damina. To, kwatar titi a tafkin take zubewa. In aka yi ruwa mai ƙarfi a sa'ar da teku ta cika, bakin kwatar a nutse yake, ruwa ba ya fita, wani lokaci ma baya yake dawowa. Mai gida ya leƙa rariyarsa ya ga ruwan titi na shigowa ta inda ya yi don nasa ya fita.

Yanzu sai ɗan lissafi. Kada masu karatun Hausa da Tarihi su tsorata, bai fi na kasuwa wuya ba. Milimita guda na ruwan sama a kan murabba'in mita guda, lita guda ke nan. Fulotin Ikko na asali ƙafa 60 ne da 120, amma tsadar ƙasa ta sa ana yanka shi biyu, wani lokaci a jera gidaje huɗu a kansa. Mu ɗauki rabin fuloti, faɗi mita 9, tsawo mita 36, watau murabba'in mita 324. In aka yi ruwa milimita 100, wanda ba baƙon abu ba ne a can, lita 32,400 ta sauka a gidan, kusan tankar mai guda cur. Tankar nan dole ta tafi wani wuri.

Rairayi yana shan ruwa da sauri, wannan ita ce kyautar da Allah ya yi wa wurin, amma cikinsa ƙarami ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jikinsa ne sarari. Saboda haka in makwancin ruwa yana mita guda a ƙasa, kowane murabba'in mita na tsakar gida zai iya haɗiye abin da bai wuce lita 250 ba kafin ya ƙoshi. Da fulotin nan duk a buɗe yake, da ruwan milimita 100 ya shige ƙasa, makwancin ya tashi kamar taƙi biyu, shi ke nan. To amma mai gida ya gina a kan fiye da rabi, ya daɓe wurin ajiye mota da kankare, ya bi gefen katanga da siminti don tsabta, abin da ya rage a buɗe bai fi kashi ɗaya cikin biyar ba. Ruwan fuloti duka ya taru a kan wannan ɗan wuri, watau kamar an yi masa milimita 500, ninkin abin da zai iya sha. Sauran ya kwanta a jikin bango ko ya tsallaka gidan maƙwabci. A wurin da babu kwari, buɗaɗɗen rairayin tsakar gida shi ne kududdufin gidan, wanda ya daɓe shi kuwa ya yi abin da aka yi a biranenmu na Arewa, inda aka cike kududdufai aka yi shaguna, aka wayi gari ana mamakin ambaliya.

Saboda haka shawara ta farko game da tsakar gida ita ce a yi rowar siminti. Wurin mota a shimfiɗa masa tsakuwa, ko intalok da aka jera a kan yashi aka bar masa haƙora a buɗe, ba wanda aka ɗora a kan kankare ba, domin wannan ado ne kawai. Ƙasar da ke jikin bango a ba ta gangare, ta sauka kamar santimita 15 cikin mita uku na farko. Mun san za ku ce a fuloti mai faɗin mita 9 ina aka ga mita uku a gefen gini, alhali tsakanin bango da katanga da ƙyar mutum ke wucewa da bokiti. Gaskiya ne, a nan ƙuncin fuloti ke ciwo. Maganinsa shi ne kada a bar kwano ya zubar da ruwansa cikin wannan ɗan lungu ko kaɗan. A sa masa kwararo a bakin rufi, a ja ruwan zuwa gaban gida da bayansa inda akwai sarari, a raba shi biyu, kada a tara wa kusurwa ɗaya. A can a yi ɗan kwari mai faɗi marar zurfi, kamar taƙi guda, a dasa masa ciyawa, a bar ruwan ya kwanta ya shige a hankali. In ya wuce kwana biyu bai ƙafe ba, an yi wa sauro gida, sai a faɗaɗa wurin. Yaƙi da ruwan kwance ba sabon abu ba ne a birnin: Gwamna William MacGregor, wanda likita ne, ya mulki Ikko daga 1899 zuwa 1904, kuma saboda zazzaɓin cizon sauro ya yi ta cike fadamu, ya haƙa magudanar da ke ɗauke da sunansa ta wajen Obalande.

Abin da muke so ku riƙe shi ne faɗi ya fi zurfi. Magininmu na tudu in ya ga ruwa, abin da zai fara ce maka shi ne a haƙa sokawe mai zurfi. A Zariya wannan shawara ce ta gari. A Lekki kuwa rijiya ya haƙa maka, domin ramin da gindinsa ya taɓa makwancin ruwa a cike yake tun kafin hadari ya haɗu. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce gindin ramin ya fi makwancin damina tudu da mita guda, ramin kuma ya nisanci gini da mita biyar, sharuɗɗan da ɗan siririn fuloti a bakin tafki ba ya cika cika su. Haka nan bututun da aka binne. Bututu na bukatar saukar santimita guda a kowace mita, watau daga bayan gidanmu na misali zuwa titi santimita 36, ban da zurfin binnewa. In ruwan kwatar titi bai fi santimita 30 ƙasa da tsakar gida ba, an yi asarar kuɗin bututu. Buɗaɗɗiyar magudana marar zurfi, wadda ido ke gani tsintsiya ke sharewa, ta fi shi amfani. A bakinta kuma a sa murfi mai buɗewa waje kaɗai, kamar ƙyaure, don in ruwan titi ya taso ya rufe kansa. Injin famfo yana taimako, amma kowa ya san lokacin da aka fi ɗauke wuta a ƙasar nan, lokacin da hadari ya taso ne. Gidan da tsirarsa ta rataya a kan famfo kaɗai, a hannun mai gadi da galan ɗin fetur take.

Abin dariya mai ban takaici shi ne, mutanen da ruwa ke kwana a tsakar gidansu su ne ke sayen ruwan sha da na wanka a tanka, domin na rijiyarsu zartsi ne ko ja. Kwanon da ya kai murabba'in mita 150 yana karɓar fiye da lita 200,000 a shekara. Babban tanki a gindin kwararo yana rage wa tsakar gida kaya, yana kuma rage wa aljihu, muddin ana amfani da ruwan, don tankin da hadari ya tarar a cike bai tare komai ba. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan zurfi. Ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi, saboda haka ruwan saman da ya shige rairayi yana iyo ne a kan na teku a ƙarƙashin ƙasa. Wani injiniya ɗan Holan mai suna Badon Ghyben, da wani Bajamushe mai suna Herzberg wanda ya yi aikinsa a tsibirin rairayi na Norderney ya buga a 1901, sun nuna cewa kowace mita guda da ruwan daɗi ya ɗara teku da ita a sama, tana danne gishiri da kusan mita 40 a ƙasa. Lissafin yana aiki ta ɗaya gefen ma. In unguwa ta daɓe ƙasarta ta kore ruwan sama zuwa tafki, sa'an nan kowane gida yana zuƙa daga rijiyarsa, gishiri tasowa zai yi. Ashe ruwan da aka bari ya shige tsakar gida shi ne ke tsare rijiyar gidan.

Mu koma ga harsashi. Akwai wata dabara sananniya ta kewaye gindin gini da rami mai tsakuwa da bututu mai huji-huji, a lulluɓe da ƙyalle mai tace rairayi. Turawa na kiranta da sunan French, mutane da yawa na zaton daga Faransa ta zo, alhali sunan wani lauyan Amurka ne, Henry French, wanda ya bayyana ta a littafinsa na 1859 kan magudanar gonaki. Dabarar tana da kyau in akwai wurin da ya fi bututun kwari da za a kai ruwan. In babu, bututun na zama hanyar da ruwan waje ke bi ya kewaye gida. In kuwa aka ce a sa famfo ya yi ta ja don a sauke makwancin ruwa, to mai gida ya shiga kokawa da tafkin Ikko, ba zai kwashe shi ba, sai dai ya jawo gishiri, ya kuma sa ƙasar da ke ƙarƙashin katangar maƙwabci ta zauna ta tsage. A irin wannan wuri ba a saukar da ruwa, gidan ake ɗagawa. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa, wanda wasu masu kuɗi ke sha'awa don sun gani a Turai, mu dai ba za mu sa masa hannu ba.

Daɓen ɗaki ya fi tsakiyar titi tudu, ya kuma fi alamar ambaliya mafi girma da tsofaffin unguwa suka sani, da ƙarin taƙi biyu ko uku. Masuntan Makoko da na Ganbiye a ƙasar Benin sun daɗe da gane wannan, gidajensu a kan turaku suke, ruwa na wucewa ta ƙasa. A Amurka ma, ƙa'idar inshorar ambaliya ta gwamnatin tarayya ta hana a ɗora gida a kan ciko a inda igiyar ruwa ke bugu, sai dai a kan ginshiƙai. Kafin a haƙa harsashi kuma a gwada ƙasa. Rairayin da ke sama sau da yawa ciko ne da aka zuƙo daga tafki, a ƙarƙashinsa akwai taɓo da ruɓaɓɓen itacen fadama, masu matsewa a hankali in an ɗora musu nauyi. Shi ya sa ake shimfiɗa faifan kankare a ƙarƙashin gida duka, ko a kafa ginshiƙai su ratsa taɓon har su taka ƙasa mai ƙarfi. Kuɗin gwajin ƙasa bai kai na tayil ɗin falo ba, amma shi ake fara yankewa.

Ko gidan ya tsira daga ambaliya, danshi na hawa jikin bulo kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, yana ɗauke da gishiri. Ruwan ya bushe, gishirin ya zauna, fenti ya kumbura, filasta ta riƙa zuba kamar gari. Za ku ji magina na cewa gini ya kai difisi. Asalin kalmar shimfiɗa ce mai hana danshi, leda mai kauri a ƙarƙashin daɓe da wani abu mai kwalta a cikin bango, kamar santimita 15 bisa ƙasar waje. A wurare da yawa sunan ya rage, shimfiɗar ta ɓace, difisi ya zama sunan matakin da ake biyan ɗan kwangila kashi na biyu. Mai gini ya tsaya da kansa ran da za a zuba, ya ga ledar da idonsa. Sa'an nan kada wani ya zo daga baya ya cike tsakar gida har ta haye wannan layi, don in ƙasa ta rufe shi an kashe amfaninsa. Gishiri kuma abokin gabar rodi ne. In ya kai gare shi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Kada a kwaɓa siminti da yashin teku ko ruwan zartsi, kuma kankaren da ya lulluɓe rodi ya kai kauri santimita biyar. Tun ran gini, tun ran zane.

Batun masai ba ya daɗin faɗa a zaure irin wannan, amma shi ne mai kisa. Masana lafiya na so a raba rijiya da ramin bayan gida da mita 30. A unguwar da faɗin kowane gida mita 9 ne, ko ka nisanta naka, na maƙwabcinka yana bayan katanga, rairayi kuwa ba ya tace ƙwayar cuta a ɗan gajeren zango in ruwa ya cika shi. Da damina ramuka na tumbatsa, su haɗu da ruwan tsakar gida inda yara ke wasa. A Yunin 2024 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Ikko, ƙananan hukumomin Tsibirin Ikko da Eti-Osa, wadda Lekki da Tsibirin Biktoriya ke ciki, suna cikin waɗanda ta fi taɓawa. Tankin masai a irin wannan ƙasa ya zama rufaffe marar yoyo, bakinsa a ɗage bisa ƙasa, kada kuma ruwan kwano ya shiga cikinsa. A yi hattara da kwashe shi ƙaf a tsakiyar damina: tanki mai cin lita 10,000 in ya zama wofi a cikin ruwa, ƙarfin tan 10 ne ke tura shi sama, yana iya tasowa kamar ƙwarya ya karya bututunsa.

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu mutum ɗaya na iya yi a gidansa. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya shi ne tseren ciko. Wanda ya zo daga baya ya ga tsakar gidan maƙwabcinsa na ruwa, sai ya kawo tifa ashirin ya ɗaga fulotinsa duka ya fi na kowa. Ruwansa ya gangara gidan na farko. Na uku ya zo ya fi na biyu. Gwamnati ta zo ta sake titi ta ɗaga shi ya fi su duka. Wanda ya riga kowa zuwa, wanda sau da yawa shi ne mai ƙaramin ƙarfi ko ɗan fansho, ya wayi gari gidansa ya zama kududdufin unguwa, bai ƙara ko bulo ɗaya ba. Ciko ba ya rage ruwa ko cokali guda, mai shi kawai yake sauyawa. Shi ya sa muka ce gidan ake ɗagawa, tsakar gida a bar ta daidai da ta maƙwabta. Wannan ba baƙuwar magana ba ce a wurinmu. Tun a ƙarni na 14 wani magini na birnin Tunis, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigimar gine-gine, ya tattara hukunce-hukuncen malaman Malikiyya a kan bango da taga da indararo da ruwan sama tsakanin maƙwabta, ginshiƙinsu duka kuwa hana cutarwa. Dattawan unguwanninmu ba su karanta injiniya ba, amma ba za su bar ka juya indararonka cikin gidan wani ba.

In ɗagawa ta zama dole, gari ke yin ta gaba ɗaya. Birnin Galbeston na jihar Teksas a Amurka a kan irin wannan zirin rairayi yake. Guguwar Satumban 1900 ta kashe mutum fiye da 6,000 a can. Cikin shekaru goma da suka biyo baya suka gina katanga mai tsayin ƙafa 17 a bakin teku, suka ɗaga gine-gine fiye da 2,000 da jak, suka zuba rairayi a ƙarƙashinsu, suka ba garin duka gangare ɗaya daga wajen teku zuwa wajen tafki. Kowa ya tashi tare da maƙwabcinsa. Gaggawa kuwa tana da nata misalin a kusa da mu. A Oktoban 2003 kogin Senigal ya yi barazanar cinye birnin Sanluwi, hukuma ta yanka zirin rairayin da ke tsakanin kogi da teku, faɗin mita huɗu kacal, don ruwa ya fita. Ruwa ya fita. Amma teku ta kama bakin yankan ta yi ta buɗa shi har ya kai kilomitoci, ƙauyen Doun Baba Dieye ya tashi, gishiri ya shiga gonaki. Mai gidan da ke bakin teku ya ɗauki darasi daidai girmansa: tudun rairayin da ke tsakaninsa da igiyar ruwa ba a yanka shi don fitar da ruwan tsakar gida, ba a kuma ɗibarsa don gini.

Ba za mu bar wannan fage ba sai mun ambaci Maroko. A Yulin 1990, zamanin mulkin soja na Raji Rasaki a jihar, aka rushe unguwar aka kori mutane kimanin 300,000, daga cikin dalilan da aka bayar har da cewa wurin kwari ne mai ambaliya, bai dace da zaman mutane ba. Daga baya aka cike shi da rairayi, yau yana cikin ƙasa mafi tsada a Nijeriya. Ashe kwarin yana da magani, talakawan ne ba a ga sun cancanci a kashe musu kuɗinsa ba. Ku da za ku riƙe biron gwamnati, wata rana za a kawo muku rahoton ambaliya a nemi ku mai da shi takardar kora.

Kafin wannan rana ta zo, aikin yau da kullum ya isa jarrabawa. Zanen da ke nuna ɗakuna da fuskar gida amma bai nuna tudun daɓe, da tudun tsakar gida, da na titi, da na fulotan da ke dama da hauni ba, bai cika ba, a mayar wa mai shi. A tambaye shi kashi nawa na fulotin zai bari a buɗe, ina kuma tankar ruwan nan za ta. A ƙara masa tazara, domin daga 1901 zuwa 2018 tekun duniya ta tashi da kusan santimita 20, taƙi guda ke nan, kuma tashin sauri yake ƙarawa, alhali duk ribar da gidan bakin tafki ke da ita da taƙi ake aunawa, gidan kuma shekara hamsin ake so ya yi.

Mafi yawanku dai haya za ku fara kamawa. Dillali zai so ya kai ku a watan Janairu, lokacin da ko'ina ƙura ce. In da hali a jira Yuni, a je washegarin ruwa. In babu hali, a duba gindin katanga ta waje, inda ba a cika yi wa fenti ba, layin da ruwa ya bari yana nan. Sabon fenti da ya tsaya daidai gwiwa a cikin ɗaki abin tambaya ne. A leƙa kwatar titi da safe a sake leƙawa da la'asar, in ruwanta ya tashi ba a yi ruwan sama ba, teku ce ke gaishe ku. A auna da ido ko sai an hau mataki ake shiga gidan daga titi, ko kuwa sauka ake yi. Sa'an nan a ƙyale dillali a sayi shayi a wurin mai shayin bakin layi, wanda galibi ɗan gida ne, a tambaye shi da Hausa inda ruwa ya kai bara.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata don masu tambaya.